Kafin Ka Sayi Firosesa: Yadda Za Ka Gane Ko Kwamfutarka Ƙari Take So Ko Canji

Wata rana da yamma ƙanin wani abokina ya iso gidana da kwamfutarsa ɗaure a bayan babur. Yana da ɗan shagon buga takardu da cike fom, kuma wannan HP ɗin ita ce jarinsa. Ko zama bai yi ba ya ce, "Yaya, i7 nake so a sa mini. Wallahi kafin ta tashi sai mai jiran aiki ya gaji ya tafi." Har ya riga ya yi cinikin firosesan, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, kuɗin ma na aljihunsa.

Na ce ya bari mu kunna ta tukuna. Core i5-4570 ne a ciki, da RAM 4GB, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki a kai, da tsohon faifan ajiya mai juyawa, wato HDD. Da muka buɗe Task Manager, tagar Windows da ke nuna yawan aikin da kowane sashe ke yi, sai ga firosesan yana zaune abinsa, ko kashi ɗaya bisa huɗu na ƙarfinsa ba a taɓa ba, shi kuwa faifan ya maƙale a 100 ya ƙi saukowa. Da ya sayi i7 ɗin nan, da ya zuba kuɗinsa a inda babu ciwo. SSD, wato sabon irin faifan ajiya marar juyawa, muka sa mata, muka ƙara RAM ya kai 8GB, ya koma da canji.

Shi ya sa nake so mu bi maganar nan daki-daki. Firosesa shi ne abin da kowa ya fi sanin sunansa a kwamfuta, don haka shi ake fara ɗora wa laifi, alhali sau da yawa ba shi ne mai laifin ba. Idan kuma shi ne, ba a sayensa shi kaɗai, domin madabod ɗin da zai zauna a kai, wato babban allon da duk kayan ciki ke haɗe a jikinsa, shi ke da ta cewa.

Matakin farko: nemo inda take shaƙewa

Kunna kwamfutar, ka buɗe duk abin da ka saba aiki da shi a rana: Chrome da shafukansa, Word, CorelDRAW, ko manhajar tace bidiyo. Sai ka danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai fito. Shiga Performance, ka ci gaba da aikinka kana leƙawa na kamar minti goma. Abu uku za ka sa wa ido.

Idan Disk ne ke kaiwa 100 kuma HDD ne a ciki, ka samu ɓarawonka. HDD na karanta abin da bai wuce megabait 100 zuwa 150 ba a daƙiƙa, SSD mai igiyar SATA kuwa yana kaiwa wajen 500, kuma wurin tsinto ƙananan fayiloli a warwatse, wanda shi ne yawancin aikin Windows, tazararsu ta fi haka nesa ba kusa ba. Babu wani ƙari da ake ji a jika kamar wannan. Na 256GB ya ishi Windows da manhajoji, tsohon faifan kuma ka bar shi a ciki ya zama rumbun ajiya.

Idan Memory ne ke cika, ya wuce kashi 85 ya zauna a can, RAM ne ya yi kaɗan. Yau 4GB ba ya kai mutum ko'ina. 8GB shi ne na rufin asiri, mai zane da tace bidiyo kuma ya nemi 16GB.

Sai idan ka ga CPU, wato firosesan, shi ne ke manne da 90 zuwa 100 a lokacin aikin da kake kuka da shi, ga SSD a ciki, ga RAM da sauran wuri, sannan maganar firosesa ta taso. Ko a nan ma ka dakata ka duba zafi. Sauke HWMonitor ko HWiNFO, kyauta ne. Firosesa idan ya doshi digiri 95 zuwa 100 yakan rage gudun kansa don kada ya ƙone. Mu da muke shan ƙurar hunturu, sannan zafin Maris da Afrilu ya biyo baya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na sha buɗe kwamfuta in tarar ƙura ta yi dabe a tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya kamar an shimfiɗa bargo, man sanyaya da ke kan firosesan kuma ya bushe ya zama gari. Bulowa da sabon mai kawai sun isa su dawo da irin wannan hayyacinta.

Mataki na biyu: san abin da ke hannunka

Sauke CPU-Z. Zai faɗa maka cikakken sunan firosesanka, irin soket ɗinsa (ramin da yake zama a ciki), sunan madabod, lambar BIOS (ƙaramar manhajar cikin madabod da ke tayar da kwamfuta), da kuma ko RAM ɗinka DDR3 ne ko DDR4. Rubuta su a takarda ko ka ɗauki hoto, da su za ka shiga kasuwa.

A nan ne ake yi wa mutane da yawa sakiyar da ba ruwa. A bakinmu "i7" ya zama kamar sarauta, duk wanda aka ce masa i7 ne sai ya saki jiki. Amma i3, i5 da i7 na kamfanin Intel matsayi ne a cikin zubi ɗaya kawai. Zubin, wanda 'yan kasuwa ke kira "jen", shi ne babba. Lambar da ke bayan ɗan layin nan ita ke nuna shi: i5-4570 zubi na 4 ne, na shekarar 2013, i5-8400 zubi na 8, na 2017, i3-12100 zubi na 12, na 2022. Kuma wannan i3-12100 ɗin ya fi i7-4770 gudu, ya fi i7-7700 ma, duk da ukunsu ƙwaya huɗu, wato ƙananan injinan lissafin da ke cikin firosesa, da layin aiki takwas gare su. Don haka idan mai shago ya ce maka i7 ce, tambayarka ta gaba ita ce, "Na wane zubi?"

Harafin ƙarshe ma magana ce. A Intel, F na nufin babu sashen hoto a cikinsa, sai ka haɗa da katin girafik kafin allo ya nuna komai. T mai tsimin wuta ne, wat 35, amma gudunsa ya ɗan ragu. K na masu ƙure gudu ne, galibi ba ya zuwa da fanka, mai neman sauƙi ba ruwansa da shi. A firosesan kamfanin AMD na soket AM4 abin a juye yake: wanda ke da G a ƙarshe shi ke da sashen hoto, Ryzen 5 3600 ko 5500 ko 5600 kuwa ba su da shi. Na ga wanda ya haɗa sabuwar kwamfuta da 5500, ya soka wayar monita a bayan madabod, allo ya yi baƙi ƙirin, ya kwana yana zaton an sayar masa da matacce.

Mataki na uku: iya ina madabod ɗinka zai kai ka?

Kowane madabod yana da iyakar gidan da yake karɓa, kuma soket ɗinsa ne ke nunawa. LGA1155 na zubi na 2 da na 3 ne. LGA1150 na zubi na 4. LGA1200 na 10 da 11. LGA1700 na 12, 13 da 14. Mai ruɗin shi ne LGA1151: zubi na 6 da 7 suna amfani da shi, na 8 da 9 ma haka, firosesan zai shiga ramin daidai, amma ba zai tashi ba. Madabod na zubi na 6 da 7, irin su H110 da B250, ba ya karɓar na 8. Kada ka bari wani ya ce maka "ai soket ɗaya ne".

AM4 na AMD shi ne ya yi wa masu shi halacci. Wanda ya sayi madabod B350 ko B450 da Ryzen 5 1600 ko 2600 tun 2017 ko 2018, galibi zai iya ɗora Ryzen 5 5600 a kai bayan sabunta BIOS, ba tare da ya canza RAM ko wani abu ba. Har A320 da yawa sun samu wannan damar. A duk harkar ƙarin firosesa ban san wanda ya kai wannan riba ba. Ka dai shiga shafin kamfanin madabod ɗinka, ka nemi jerin firosesan da yake karɓa, ka ga sunan wanda kake so da lambar BIOS ɗin da yake buƙata da idonka.

Yawancin kwamfutocin tebur da ke shaguna da ofisoshinmu kuwa 'yan Beljiyam ne, tsofaffin na ofis daga Turai da Amurka: Dell OptiPlex, HP EliteDesk da ProDesk, Lenovo ThinkCentre. Suna da ƙarko, amma a ɗaure suke. Da yawansu fawa-fak ɗinsu, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, da wayoyinsa na musamman ne, akwatin ma ba kowane madabod yake ɗauka ba, siraran cikinsu kuma sai gajeren katin girafik wanda ba ya neman ƙarin wayar wuta. A irinsu abin da za ka iya shi ne hawa sama a cikin zubin da kake. Daga Pentium ko i3-4130 mai ƙwaya biyu zuwa i5-4570 ko i5-4590 mai ƙwaya huɗu, wannan ƙari ne na gaske, kuma da araha ake samunsa. Daga i5-4570 zuwa i7-4770 kuwa ƙwayoyin huɗu ne dai, layin aiki ne ya ninka, gudu ya ɗan ƙaru. Mai tace bidiyo zai ga bambanci wurin fitar da aiki, mai buga takardu ba zai ga komai ba, ga shi masu sayarwa sukan tsauwala kuɗin i7 saboda sunan.

Katangar Windows 11

Akwai abin da ya sauya lissafin nan gaba ɗaya. A ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, sai wani shirin ƙarin wa'adi na gyaran tsaro ga masu amfanin gida zuwa 13 ga Oktoba 2026. Windows 11 kuma a hukumance yana son TPM 2.0, wani ɗan sashen tsaro a cikin na'urar, da firosesan Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen daga jerin 2000. Ko a nan akwai tarko: Ryzen 3 2200G da Ryzen 5 2400G ba sa cikin jerin duk da lambarsu, 3200G kuwa yana ciki.

Na san masu gyara suna da dabarar tsallake katangar su ɗora Windows 11 a kan tsohuwar na'ura, kuma tana aiki. Amma Microsoft bai ɗauki alkawarin ci gaba da turo mata sabuntawa ba. Wanda ke shiga asusun banki ko yake riƙe da takardun jama'a a kwamfutarsa, bai kamata ya jingina da wannan ba. Linux Mint ma, wata manhaja mai maye gurbin Windows, hanya ce mai kyau ga wanda aikinsa bai wuce intanet da rubutu ba, sai dai mai CorelDRAW da Photoshop ba zai ji daɗinta ba.

Ra'ayina a nan a fili yake. Duk kwamfutar da ke ƙasa da zubi na 8, ka sa mata SSD, ka ƙara mata RAM idan ya samu da sauƙi, amma kada ka zuba mata kuɗi mai nauyi a firosesa. SSD zai bi ka zuwa sabuwar kwamfuta. DDR3 da i7 na zubi na 4 kuwa a nan za su tsaya.

Mataki na huɗu: idan sabon haɗi za ka yi, wanne za ka ɗauka?

Kada ka kwatanta kuɗin firosesa da firosesa. Ɗauki takarda ka ja layi uku ko huɗu, kowane layi ka haɗa firosesa da madabod da RAM, da katin girafik idan dole ne. Jimillar ita ce farashin gaskiya. Tun ƙarshen 2025 kuɗin RAM ya yi tashin gwauron zabi a duniya, saboda haka wanda yake da DDR4 mai lafiya a hannu yana da babban dalilin zaɓar haɗin da zai karɓe shi.

Core i3-12100 a kan madabod H610 mai DDR4 shi nake fara nuna wa mai aikin ofis, shago ko makaranta. Ƙwaya huɗu ne, amma kowace tana da ƙarfi, kuma irin wannan ƙarfin ne Word da Chrome da CorelDRAW suka fi amfana da shi. Yana da sashen hotonsa, yana zuwa da fanka a kwali, ba ya cin wuta sosai. Gaba kuma za ka iya cire shi ka sa i5-12400 mai ƙwaya shida. i3-13100 da i3-14100 kusan shi ne aka ɗan ƙara wa gudu, idan tazarar kuɗin ta yi yawa kada ka bi. Ka lura dai, madabod na LGA1700 wani DDR4 yake ci, wani DDR5, babu mai cin duka biyun a rami ɗaya. Karanta kwalin.

Ryzen 5 5600G, wanda ya shigo kasuwa a 2021, shi ne na wanda yake son ƙwaya shida da hoto mai ɗan ƙarfi amma ba shi da kuɗin kati yanzu. Sashen hotonsa ya fi na i3 ɗin nan sosai, yana ɗaukar wasanni marasa nauyi da tace bidiyo daidai gwargwado. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma da yawa suna karya shi: RAM ɗin ya zama sanda biyu. Sashen hoton daga RAM yake aron wurin aiki, don haka 8GB biyu sun fi 16GB guda ɗaya nesa. Mai shago zai iya ce maka duk ɗaya ne tunda jimillar 16 ce. Ba ɗaya ba ne.

Idan kana da katin girafik ko ka yi niyyar saye, sai maganar ta koma tsakanin i3-12100F, Ryzen 5 5500 da Ryzen 5 5600. Biyun nan na AMD a watan Afrilun 2022 suka fito, kowanne ƙwaya shida, layi goma sha biyu, wat 65. Lambarsu ta yi kusa, amma 5600 yana da ma'ajiyar kusa ta L3 mai 32MB, 5500 kuwa 16MB, kuma a hanyar da firosesa ke magana da katin girafik, 5500 a PCIe 3.0 ya tsaya alhali 5600 yana kai 4.0 a kan madabod B550. A wasanni ana ganin wannan bambancin. Idan abin da ke tsakaninsu bai taka kara ya karya ba, ɗauki 5600. Idan aljihu ya matse kuma aikinka fitar da bidiyo ne, 5500 ba zai ba ka kunya ba, ƙwayoyinsa shida sun fi huɗun 12100F amfani a wannan fagen.

AM5, soket ɗin AMD da ya biyo bayan AM4, wanda ya zo a 2022, DDR5 kaɗai yake ci. Yana da sauran tafiya a gaba, amma kuɗin shigarsa ya fi ƙarfin wanda muke magana a kai. Su kuma haɗin tsofaffin firosesan Intel da ake kira Xeon da madabod marar suna da ake tallatawa a intanet da arha, ƙwayoyi rututu, ni ba na ba da shawararsu: ba su da sashen hoto, suna shan wuta, ba sa cikin jerin Windows 11, idan madabod ɗin ya mutu kuma babu wanda za ka kama.

Akwai hanya ta uku da mutane ke mantawa, alhali sau da yawa ita ce mafi sauƙi: sayar da tsohuwar, ka cika kuɗi ka ɗauki 'yar Beljiyam ta zubi na 8 sukutum. OptiPlex 3060 ko 7060, EliteDesk 800 G4, ThinkCentre M720, masu i5-8400 ko i5-8500. Ƙwaya shida, DDR4, Windows 11 ba tare da dabara ba. Wanda ke kan sola ko ƙaramin inbata ya duba 'yan ƙananan cikinsu masu firosesa T, waɗanda ke aiki da caja irin ta laftof. Ga shagon da ke ƙirga kowane wat da kowace litar fetur, wannan ya fi ƙarin gudun da ba za a yi amfani da shi ba.

Mataki na biyar: a wurin saye

Ko a Titin Beirut na Kano kake, ko Computer Village ta Ikeja, ko wurin wani mai gyara a unguwarku, ƙa'idar ɗaya ce: ba a sayen firosesa na hannu a leda. A ɗora shi a madabod a gabanka, ya tashi, ka buɗe CPU-Z ka ga sunan ya dace da abin da ke rubuce a murfinsa. A cikin CPU-Z akwai Bench, danna Stress CPU ka bar shi minti goma kana kallon zafi. Na AM4 ƙafafunsa a jikinsa suke, juya shi ka kalle su ta gefe a cikin haske, layi-layi. Na Intel kuwa ƙafafun a soket ɗin madabod suke, can za ka haska. Ƙafa ɗaya da ta lanƙwashe tana iya kashe ramin RAM guda alhali kwamfutar na tashi lafiya, don haka a gwada kowane rami. Ku yi magana a kan kwanakin gwaji kafin ka biya, a rubuta a rasit tare da lambar kayan.

Idan sabon haɗi ne, kada ka tsuke hannu a fawa-fak. Marar nauyin nan da ke zuwa kyauta da akwati shi ne ya fi kashe madabod, balle a irin wutarmu.

Mataki na shida: ɗorawa

BIOS ake fara sabuntawa, da tsohon firosesan a ciki. Idan ka cire shi kafin ka sabunta, sabon ba zai tashi ba, sai dai idan madabod ɗinka na da maɓallin sabuntawa ta filash a baya. Kuma ina roƙonka, kada ka yi wannan aikin a kan wutar NEPA tsura. Minti biyar ne ko ƙasa da haka, amma idan aka ɗauke wuta a tsakiya madabod na iya zama gawa. Jona UPS mai cikakken caji ko inbata. Idan BitLocker, makullin da Windows ke sa wa faifai, a kunne yake, dakatar da shi ko ka adana mabuɗinsa tukuna, domin canjin firosesa na iya sa Windows ya nemi mabuɗin kafin ya buɗe maka faifanka.

Sai ka kwashe muhimman fayilolinka zuwa wani wuri, ka bar kwamfutar ta ɗan yi aiki don man ya yi laushi, ka kashe, ka zare waya daga bango, ka danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai, musamman da hunturu lokacin da jiki ke tara wutar nan mai tartsatsi. A AM4 kada ka fizgi fankar sama kai tsaye, murɗa ta hagu da dama a hankali har ta saki, in ba haka ba takan taho da firosesan manne a jikinta ta lanƙwasa ƙafafu.

Ɗaga sandar soket, cire tsohon, ka duba ɗan alamar kusurwa uku da ke gefe ɗaya na sabon, ka daidaita ta da ta soket. Da kansa zai zauna. Idan ka ji kana buƙatar dannawa, ba daidai yake ba, ɗaga ka sake dubawa. Goge tsohon mai da ƙyalle mai tsabta da ɗan sifirit, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. Sabuwar fankar kwali takan zo da nata man a shafe, ba sai ka ƙara ba. Wadda aka saya daban kuma duba ƙasanta, sau da yawa akwai leda da ake mantawa ba a ɓare ba. Ɗaure kusoshin a gicciye, kaɗan-kaɗan, ka soka wayar fankar a inda aka rubuta CPU_FAN.

Tashin farko yakan ɗan jima, wani lokaci ta mutu ta sake tashi da kanta sau ɗaya ko biyu. Ba ta minti biyu kafin hankalinka ya tashi. Idan ta nuna, shiga BIOS ka ga sunan sabon firosesan, ka kunna XMP, ko DOCP a wasu madabod na AMD, don RAM ya yi gudun da aka rubuta a jikinsa. Daga nan ka koma Windows ka maimaita gwajin matakin farko da aikinka na kullum. A zaune zafin ya riƙa yawo tsakanin digiri 35 zuwa 50 gwargwadon ɗakin, a cikin aiki mai nauyi kuma ya tsaya ƙasa da 85. Idan ya haura 90 cikin 'yan daƙiƙu, kashe ta ka sake zaunar da fankar, galibi kusa ɗaya ce ba ta kama ba.